Kaluluwar Jarirai Bayan Allurar Tarin Fuka: Shirun Ma'aikata Ya Fi Kumburin Ɓarna

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin shan magani ranar allurar rigakafi ya san yadda al'amarin ke tafiya. Mata sun cika bencina har waɗansu na zaune a ƙasa, jarirai na ta kuka, ma'aikaciya ɗaya ko biyu ke fama da layi tun da hantsi. In aka zo kan sabon haihuwa sai a tuɓe masa damtsen hagu, a soka masa 'yar allura a fata, a cika kati, a ce wa uwa ta dawo bayan mako shida. Duka-duka abin ba ya wuce minti biyu. Wannan allura ita ce BCG, watau rigakafin tarin fuka, kuma ita ce ke barin tabon nan da akasarinmu mu ke da shi a kafaɗa.

Abin da ba a cika faɗa wa uwa ba shi ne abin da zai biyo baya. Cikin mako biyu zuwa huɗu ɗan ƙurji zai fito inda aka soka allurar, ya fashe, ya yi ɗan miki, sa'an nan ya warke da kansa cikin wata biyu ko uku ya bar tabo. Wannan kusan kowane jariri na yinsa. Amma a jikin waɗansu 'yan ƙalilan abin ba ya tsayawa nan: sai kaluluwa ta fito a hammatar hannun da aka yi wa allurar, wani lokaci har ta nuna ta tara mugunya.

A unguwar da na ke zaune na ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Wata jaririya 'yar wata biyu ta yi kumburi kamar ƙwan zabo a hammatar hagu. Ba ta zazzaɓi, tana shan nono sosai, amma hankalin gidan ya tashi. Kakarta ta ce tun da allurar asibiti ce ta jawo, ba asibiti ce za ta gyara ba. Aka kira wanzami ya tsaga wurin. Mikin ya yi kusan wata huɗu yana tsattsafo da ruwa kafin ya rufe. Kafin ya rufe ɗin kuwa, mata uku na wannan layin sun daina kai 'ya'yansu rigakafi, domin kowace ta ga abin da idonta, kuma ba wanda ya taɓa yi mata bayaninsa.

Wannan ita ce matsalar da ya kamata hukumomin lafiya su duba. Kumburin kansa abu ne sananne a wurin likitoci tun da daɗewa, kuma galibi ba ya kisa. Ɓarnar da ke tattare da shi tana zuwa ne daga abin da iyaye ke yi cikin ruɗewa, da abin da maƙwabta ke yankewa bayan sun gani, da kuma rashin rubuta shi a inda ya kamata a rubuta.

Don mai karatu ya fahimci dalilin kumburin, tilas ne ya san cewa BCG ba matacciyar ƙwayar cuta ba ce. Ƙwaya ce mai rai, 'yar'uwar wadda ke sa wa shanu tarin fuka, wadda aka raunana ta. Waɗansu Faransawa biyu, Albert Calmette da Camille Guérin, su ne suka yi wannan aiki a Cibiyar Pasteur da ke birnin Lille. Sun fara cikin 1908, suna dasa ƙwayar daga wannan kwano zuwa wancan har sau 230 cikin shekara 13, har ƙarfin cutarwarta ya karye. Cikin 1921 aka fara ba wani jariri a birnin Paris, wanda uwarsa ta rasu da tarin fuka jim kaɗan bayan ta haife shi. Haruffan nan uku na BCG, biyun ƙarshe sunayen mutanen nan ne.

Tun da ƙwayar na da rai, in ta shiga fata sai ta hayayyafa kaɗan, kuma ta haka ne jiki ke koyon yaƙi da ita. Daga damtse waɗansu ƙwayoyin kan bi hanyoyin ruwan jiki su isa 'yan ƙulle-ƙullen nan na hammata, waɗanda aikinsu shi ne tace duk wani baƙon abu kafin ya kai ga jini. Kowane Bahaushe ya san cewa miki a ƙafa kan saukar da kaluluwa a gindin cinya. To, daidai wannan ne ke faruwa tsakanin damtse da hammata. Saboda haka ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake ba abin damuwa ba ne ko kaɗan. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, sai ya wuce santimita ɗaya da rabi, ko kuwa ya fashe yana fitar da ruwa, sa'an nan a ke lissafa shi cikin illolin allurar. Yawanci yakan bayyana ne tsakanin mako biyu da wata shida bayan allura, a gefen da aka yi ta, a hammata, jefi-jefi kuma a gindin wuya.

Kumburin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne jigon maganar. Na farko mai tauri ne, fatar wurin ba ta sauya launi, yaro ba ya zazzaɓi, ba ya rama. Wannan ba ya bukatar kome illa a sa masa ido. Yakan sace da kansa cikin makonni ko 'yan watanni. Na biyu shi ne wanda ke girma, ya yi laushi, fatar ta yi ja tana sheƙi, alamar mugunya ta taru a ciki. In aka bar shi yakan fashe, ya bar ƙofar da ke zubar da ruwa wata da watanni, daga ƙarshe ya warke da mummunan tabo.

Abin da likitoci ke yi wa na biyun shi ne su sa sirinji su zuƙe mugunyar tun kafin ta fashe. Wani gwaji da aka yi a birnin Shiraz na ƙasar Iran, wanda aka buga cikin 1994, ya nuna cewa yaran da aka zuƙe wa sun fi saurin warkewa, kuma kaɗan ne daga cikinsu kumburin ya fashe musu. In zuƙar ba ta yi ba, ko ƙulle-ƙullen sun manne da juna, sai likitan fiɗa ya cire abin ɗungum. Abin da ba a so shi ne a tsaga a matse kamar yadda a ke yi wa maruru, domin hakan kan bar miki mai wuyar rufewa. Ya kamata a lura da wannan da kyau, gama ba wanzamai kaɗai ke tsagawa ba. Akwai ƙananan ma'aikatan asibiti waɗanda da sun ga kumburi mai mugunya sai su ɗauko wuƙa, don abin da aka koya musu game da maruru ke nan.

Haka kuma maganar magani. Uwa kan je kemis a haɗa mata ruwan magani kwalba biyu ko uku, ta yi ta ɗura wa jariri. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar cikin 2013, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, bai sami wata hujja ba cewa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ma maganin tarin fuka kansa, yana hana wannan kaluluwa nuna ko yana gaggauta warkewarta a jikin yaro mai lafiya. Kuɗi ne kawai ke tafiya, ga wahalar da hanjin jariri. Game da gashi da ruwan zafi, da shafa man zafi, da sakiya da ƙarfe, waɗannan ba abin da su ke ƙarawa sai ƙuna da shigar da wata cutar cikin miki.

To, yara nawa ne abin ke samu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa illa mai tsanani a wurin allura ko a hammata, ciki har da kaluluwa mai mugunya, takan faru sau ɗaya cikin allura 1,000 zuwa 10,000. A baki wannan kaɗan ne. Amma mu yi ɗan lissafi. Ana haifar jarirai fiye da miliyan 7 kowace shekara a Nijeriya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 67 daga cikin 100 na yara sun sami BCG. Wannan ya kama kusan allura miliyan 5 a shekara. In aka ɗora ma'aunin Hukumar a kai, yaran da za su yi kumburi mai tsanani za su kama daga 500 zuwa 5,000 kowace shekara, ban da dubban da nasu zai tsaya ƙarami. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa yana da uwa, da kaka, da gwaggo, da maƙwabta masu ido da baki.

Har ila yau akwai maganar lokaci, wadda a ganina ba a ba ta muhimmancin da ya dace ba. Allura ta gaba bayan ta haihuwa ana yinta ne a mako na shida, watau kwana 42, kwana biyu rak bayan arba'in. Sauran biyun na biye a mako na 10 da na 14. Wannan shi ne daidai lokacin da mikin damtse ke kan ganiyarsa, kuma shi ne lokacin da kaluluwa ta fi fitowa. Daɗin daɗawa, mai haihuwar fari galibi tana gidan iyayenta wankan jego, inda maganar kaka ta fi ta kowa nauyi. Saboda haka ranar da kati ya ce a koma asibiti, ita ce ranar da gida ke kallon abin da allurar farko ta haifar. In ba a riga an gaya wa uwa tun farko cewa haka zai faru ba, da wace hujja za ta tsaya gaban uwarta ko uwar mijinta ta ce a koma?

Binciken nan na 2018 ya nuna yadda yara ke zubewa a hanya. Kashi 65 ne suka sami zagayen farko na allurar nan mai kare cututtuka biyar, amma kashi 50 kaɗai suka kai zagaye na uku, waɗanda suka kammala dukan muhimman alluran kuwa kashi 31 ne. Ba mai hankalin da zai ɗora wannan duka a kan kaluluwa. Nisan asibiti na ciki, rashin kuɗin mota na ciki, haka zuwa a tarar ba allura ko ba ma'aikaci. Sai dai waɗannan matsaloli ne masu cin kuɗi da lokaci kafin a gyara, shi kuwa bayani ba ya cin ko kwabo. Abin da ke cikin allurar da a ke gudu ɗin ma ya isa abin tsoro: a ciki ne rigakafin mashaƙo ya ke, cutar da ta ɓarke tun ƙarshen 2022, ta fi ƙamari a Kano, kuma mafi yawan yaran da ta kama ba su kammala rigakafi ba.

Ba kullum ne yawan kaluluwa ke tsayawa inda a ke tsammani ba. Wani lokaci yakan yi tsalle, kuma tarihin ƙasashe da dama ya nuna dalilai biyu ne ke sa haka.

Na farko shi ne irin ƙwayar. Bayan 1921 an rarraba BCG ga ɗakunan bincike na ƙasashe, kowa ya ci gaba da renon tasa, har aka wayi gari ta rabu iri-iri kamar yadda irin dawa ke bambanta daga wannan gari zuwa wancan. Irin Pasteur da irin Denmark an san su da zafi, sun fi saukar da kaluluwa. Irin Tokyo na Japan da irin Moreau na Brazil sun fi sauƙi. Wajen ƙarshen shekarun 1980 an ga yawaitar kumburin a birnin Harare na Zimbabuwe, da Mozambik, da Jamaika, bayan an koma amfani da irin Pasteur. Ostiriya ta gamu da haka cikin 1990 da 1991. Ƙasar Ailan da Finland sun gani bayan sun koma irin Denmark cikin 2002, Saudiyya ma ta gani bayan nata sauyin cikin 2005. A duk waɗannan wurare likitoci ne suka lura yara masu kumburi sun yi yawa, suka ƙirga, suka bi sawu har suka gano sauyin iri.

Na biyu shi ne hannun mai allura. BCG na ɗaya daga cikin alluran da suka fi wuyar yi. A cikin fata a ke sa ta, can sama-sama, ba ƙarƙashin fata ba, kuma fatar jariri ɗan kwana ɗaya ba ta fi takarda kauri da yawa ba. In an yi daidai, ɗan tudu fari zai taso nan take mai kama da ɓawon lemo. In allurar ta nutse, to an buɗe ƙofar ƙurji da kaluluwa. Ga kuma awo. Jariri da bai kai shekara ba mililita 0.05 a ke ba shi, wanda ya wuce shekara kuwa 0.1, daga kwalba guda. Ma'aikacin da ya gaji, ko wanda bai sami sirinjin da ya dace ba, cikin sauƙi zai ninka wa jariri kasonsa. Maganin kansa gari ne da a ke haɗawa da ruwansa na musamman, in ba a juya kwalbar a hankali kafin kowace zuƙa ba sai ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, na ƙarshe a layi su sami mai kauri. Bayan an haɗa kuma awa shida kaɗai gare shi, daga nan sai zubarwa. Da ya ke kwalba ɗaya ta jarirai 20 ce, ɗakunan shan magani da yawa kan ware rana guda su tara yara don gudun asara, abin da ke jawo cunkoso da gaggawa a daidai allurar da ta fi bukatar natsuwa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Nijeriya ba ta yin BCG da kanta. Sayowa a ke yi daga waje ta hannun UNICEF, kuma masana'antun da ke sayar wa wannan asusu suna ƙasashe irin su Indiya, da Bulgeriya, da Japan, da Denmark, ba kuma iri ɗaya su ke renowa ba. Sa'ad da aka yi ƙarancin allurar a duniya wajen 2014 da 2015, ƙasashe da yawa sun karɓi abin da ya samu ne kawai. Ma'ana, irin da ke cikin firjin wata ƙaramar hukuma bana ba lalle ne shi ne na bara ba. In har wani iri mai zafi ya shigo, ko wani sabon ma'aikaci na nutsa allura a wani ƙauye, ta yaya za a gane?

A takarda akwai hanya. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1992 kuma aka haɗe mata shirin rigakafi cikin 2007, tana da takardar da ma'aikaci zai cika in wata illa ta biyo bayan allura, ya miƙa wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, daga nan ta hau zuwa jiha da tarayya. NAFDAC ma tana da cibiyar karɓar rahoton illolin magunguna tun 2004. Amma takarda ba ta cika kanta. Yaron da aka kai wa wanzami ba ya shiga kowane lissafi. Wanda aka kai asibiti ma sau da yawa a ɗakin duba marasa lafiya a ke ganinsa, a rubuta maruru, a sallame shi, mai rigakafi da ke ɗaki na gaba bai ma ji labari ba. Shi kansa mai rigakafin, in yana tsoron cewa rahoton zai zama takardar tuhuma a kansa, ba zai kai ƙarar kansa ba. Muddin shugabanni na ɗaukar wurin da bai taɓa kawo rahoto ba a matsayin wurin da ya fi iya aiki, to shiru za su ci gaba da samu.

Wani zai ce, tun da Turawa da kansu sun daina, mu me ya sa muka nace? Gaskiya ne waɗansunsu sun daina yi wa kowa da kowa. Suwidin ta daina cikin 1975 bayan an sami yaran da allurar ta taɓa musu ƙashi. Ingila ta daina yi wa 'yan makaranta cikin 2005, Finland ta bar yi wa dukan jarirai cikin 2006, Faransa ta janye tilascin cikin 2007. Amma dukansu sun ci gaba da yi wa yaran da ke cikin haɗari, kuma sun yi hakan ne domin cutar ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashensu. A Finland waɗanda ke kamuwa a shekara ba su kai 10 cikin mutum 100,000 ba lokacin da ta yanke shawara. A Nijeriya kuwa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne 219 cikin 100,000, watau kusan mutum rabin miliyan cikin 2023, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Ita Suwidin ma bayan 1975 an ga tarin fuka ya ƙaru tsakanin ƙananan yaranta. Mai kwana ɗaki ɗaya da kawu mai tari ba zai yi lissafin mutumin Helsinki ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa BCG ba ta da tabbas wajen kare manya daga tarin huhu. A wani wuri ta yi aiki, a wani wuri kuwa kusan ba ta yi ba. Ƙarfinta yana ga jarirai, kan nau'o'i biyu masu saurin kisa. Ɗaya shi ne sanƙarau na tarin fuka, wanda ke kashe yaro ko ya bar shi da makanta, ko kurumta, ko shanyewar jiki. Ɗayan shi ne wanda ke watsuwa ko'ina cikin jiki, wanda likitoci suka raɗa wa suna daga kalmar Latin ta gero, saboda a hoton ƙirji huhu kan fito kamar an watsa masa tsabar gero. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga cikin 2006 ya nuna allurar na kare kashi 73 daga na farkon da kashi 77 daga na biyun. Ya kuma ƙiyasta cewa alluran da aka yi wa jarirai kimanin miliyan 100 cikin 2002 sun hana sanƙarau kusan 30,000. In aka aza wannan a ma'auni ɗaya da kaluluwar da za ta warke, ba sai an daɗe ana duba inda ya rinjaya ba.

Amma fa akwai 'yan yaran da kumburin ke zama musu alamar babban abu, kuma saboda su ne bai kamata a ce wa kowace uwa ta koma gida ba kome ba tare da an duba ba. Yaron da garkuwar jikinsa ta raunana, ko don an haife shi haka ko don cutar ƙanjamau, ƙwayar nan mai rauni kan fi ƙarfinsa ta bazu zuwa hanta, da saifa, da ƙashi. A tsakanin yara gaba ɗaya abin ba ya wuce sau ɗaya cikin allura dubu ɗari biyu da wani abu zuwa dubu ɗari shida, amma wani bincike a Afirka ta Kudu ya gano cewa tsakanin jarirai masu ƙanjamau ya kusa ɗaya cikin 100. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya cikin 2007 ta ce kada a yi wa jaririn da aka tabbatar yana da cutar. Cikin 2018 ta sassauta, ta ce a yi masa in ya fara shan magani kuma jikinsa ya daidaita. Saboda haka in kumburi ya fito a ɗaya hammatar ko a wurare da yawa, ko yaro na zazzaɓin da ba ya sauka, ko yana ramewa, ko ciki ya kumbura, ko wata gaɓa ta kumbura ya daina motsa ta, ko kuwa an taɓa rasa jarirai a gidan ta irin wannan hanya, to maganar ta wuce ɗakin shan magani, sai babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Haka nan in akwai mai tsohon tari a gidan, gama tarin fuka na ainihi ma yana saukar da kaluluwa, musamman a wuya.

Mun riga mun ga abin da rashin yarda ke jawowa a wannan yanki. Cikin 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohi, ba a koma ba a Kano sai watan Yuli na 2004, sanadin haka cikin 'yan shekaru cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, ba a kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ba sai cikin 2020. A wancan karon zargi ne kawai da ba wanda ya gani da ido. Kaluluwa kuwa ana ganinta, ana taɓa ta. Ma'aikacin da ya ce wa uwa ba allura ce ta jawo ba, alhali ga kumburi a gefen da aka soka, ya zubar da mutuncin duk abin da zai faɗa mata nan gaba, har da gaskiyar. Jamusawa sun fuskanci abin da ya fi wannan muni nesa ba kusa ba cikin 1930 a birnin Lübeck, inda jarirai fiye da 70 suka mutu bayan an ba su BCG. Ba a ɓoye ba. An yi bincike, aka gano cewa a ɗakin haɗa maganin ne aka gurɓata shi da ƙwayar tarin fuka mai ƙarfi, aka gurfanar da masu laifi gaban shari'a, kuma da wannan binciken ne aka wanke allurar.

Abin da a ke bukata daga ma'aikatun lafiya na jihohi bai kai haka wahala ba. A sa cikin aikin kowane mai rigakafi cewa kafin uwa ta tashi daga benci ya gaya mata, da Hausar da za ta gane, cewa ƙurji zai fito ya fashe ya bar tabo, kada ta matse kada ta shafa kome. In kuma ta ji ƙullutu a hammata ta kawo shi nan, kada a tsaga. In layi ya yi tsawo a faɗa wa matan gaba ɗaya tun kafin a fara. A Arewa maso Yamma, inda binciken 2018 ya nuna ƙasa da haihuwa ɗaya cikin biyar ce a ke yi a asibiti, tilas saƙon ya bi ta bakin ungozoma, da mai unguwa, da gidajen rediyo. Wanzamai ma suna da sarakunansu a kusan kowace masarauta, kuma su ne ke zuwa gida ran suna su yi wa jariri aski. In aka zauna da su aka nuna musu wane kumburi ne ba na aska ba, su za su riƙa turo yaran. Makarantun koyon aikin lafiya kuwa kada su yaye ɗalibin da bai tayar da ɗan tudun nan fari a gaban malami sau da dama ba.

Sa'an nan a riƙa rubuta lambar da ke jikin kwalba, da sunan masana'anta, da sunan wanda ya yi allurar, a rajistar kowace ranar rigakafi, kuma duk wanda ya ga jariri mai kaluluwa a hammatar hagu, ko a wane ɗaki na asibiti ya ke, ya nemi katin rigakafi ya cika takardar rahoto. In yara biyar daga wuri guda suka zo cikin wata ɗaya, jami'in ƙaramar hukuma zai duba ya ga ko kwalba ɗaya ce ta haɗa su ko hannu ɗaya. In hannu ne a mayar da mai shi horo na kwana biyu, ba tare da an taɓa albashinsa ba. In kuwa kwalba ce, a sanar da Abuja kafin ragowar ta ƙare a damatsan yaran sauran jihohi.